Motar da Ta Shanye Ƙanƙarar Fanta

Ni Ummul Khairi ba na shiga sha'anin gidan mutane, kowa a unguwarmu shaida ne. To amma katangar da ke tsakanina da gidan Malam Suma'ila ba ta kai kafaɗata ba, kuma Allah bai halicce ni kurma ba. Abin da aka yi wa matarsa Fanta a azumin bana da idona na gani, in ban faɗa ba cikina sai ya kumbura.

Unguwarmu sabuwa ce, can kan hanyar Mirya, inda garin Damagaram ya gaji ya tsaya. Turakun kuran, wato lantarki, ba su iso mu ba, shekara biyar ke nan ana ce mana wata mai zuwa. Duk layinmu gida ɗaya ne mai wuta, shi ma ba na maigidan ba ne. Da mahaifin Fanta ya rasu a Dogo aka raba gado, sai ta sayar da rabonta na gona, ta sa Gana mai haɗa wutar rana ya jera mata panno huɗu masu kama rana a kan rufi, da batir biyu da injin juya wuta a ɗaki, da ƙaton firigo mai buɗewa ta sama. Ƙanƙara take ƙullawa a leda tana sayarwa. In ta ɗaga kai ta dubi rufin sai ta ce, "Ga gonar Baba can. Ita ba ruwanta da damina, rana kawai take so."

Ni zoɓo da lamurje nake sayarwa a bakin gudron, wato titin kwalta, kuma da ƙanƙarar Fanta nake sana'a. In azumi ya faɗo cikin bazara kamar na bana, tun la'asar ƙofarta ke cika da mata da kwanuka. Amma akwai ƙanƙara biyu, manya, da ko nawa ka zo da shi ba za ta sayar maka ba. Na masallacin unguwa ne, sadaka ga mahaifinta. Ni nake biyawa in karɓa in miƙa wa ladan ya zuba a randar buɗa-baki. Shekara huɗu ba fashi. Maza su sha, su yi gyatsa, su ce, "Allah ya saka wa Malam Suma'ila da alheri." Shi kuwa ya shafa gemu ya ce amin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malam Suma'ila a wani biro, wato ofis, yake aiki cikin gari, kilomita goma sha biyu daga gida, a kan tsohon motonsa, babur mai tari kamar tsoho. Kullum kukansa ɗaya, tsadar esansi, man moton. Ranar huɗu ga azumi ina zaune a ƙofata ina tsince zoɓo, sai na ga inuwa ta rufe ni. Na waiga, ga wata farar mota kat-kat tsaye a bayana, wallahi ko numfashinta ban ji ba. Na zubar da faifai na yi salati. Malam Suma'ila ya fito daga ciki yana dariya har da riƙe ciki, tare da Ɗanƙarami dillalin motoci, wanda in ya so sai ya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗanƙarami yana shafa motar, "wannan ba ta san esansi ba, ba ta san juyen mai ba. Kamar wayarka take. Ka soka ta a bango, ka je ka huta, ka dawo ka tafi. Kuɗinta kuwa bai kai rabin na motar direktanku ba. Mutum irinka, mai zuwa aiki daga nesa, don shi aka ƙera ta."

"To in ba ta yi mini ba fa?"

"Haba! Riƙe ta har Salla ka gwada. In ta dace da kai mu yi magana, in ba ta dace ba ka maido mini abata. Gwaji ai ba ya cin kuɗi."

Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa mata suna Bebiya, saboda ba ta magana. Awaki ma ba su san mota ce ba. Sai ka ga akuya kwance a tsakiyar hanya tana tuƙa, Malam Suma'ila ya leƙo ta taga yana cewa "kit! kit!" kamar makiyayi.

Washegari ya soka ta a bangon biro. Wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke, direkta ya fito yana gumi ya ce in ya sake ganin wannan igiya a ma'aikatarsa, da ita za a ɗaure mai ita. Saboda haka da la'asar sai ga Bebiya a tsakar gida, an ja igiya har ɗakin firigo. Ina jin su ta katanga.

"Malam, firigo ka cire."

"Na sani. Injinki ne ba ya ɗaukar biyu. Awa ɗaya kawai."

"Ƙanƙarar gobe ce a ciki, ba ta gama kamawa ba."

"Fanta, ke matsalarki rashin hangen nesa. Rana ta Allah ce. Kin taɓa biyan kuɗin rana? Abin da Allah ya ba kowa kyauta shi za ki yi wa mijinki rowa?"

Fanta mace ce mai kunya, ba ta iya ɗaga murya ba. Ta ce to. Awa ɗayan nan ba ta ƙare ba sai da batir suka ƙare. Firigo ya kwana ba wuta. Da safe ta miƙo mini leda ta kan katanga, na matsa na ji rabi ƙanƙara, rabi ruwa yana kai da kawowa.

"Yaya Ummu, ki yi haƙuri da ta yau. Gwaji ne, ya ce kwana biyu."

Na ce, "Allah ya sa." Amma a raina na san in kura ta ga ƙofar garke, ba kwana biyu take yi ba.

Ashe Bebiya cin tsiya gare ta. Duk abin da rana ta tara a batir tun safe, sai ta lashe shi kafin a gama tarawi, kuma ko rabin cikinta bai cika ba. Ga Malam Suma'ila ba ya tafiya sai ya kunna kilim, na'urar sanyi, don a gan shi gilashi rufe. Ga yayarsa Aliya, wadda da sai ta yi wata uku ba ta leƙo gidan ba, yanzu kullum tana da unguwa. Yau gaisuwar rasuwa a Birni, gobe barka a Kara-Kara, jibi duba wata da ba ta ma san ta yi ciwo ba. Tana zaune a gaba, hannu a kan jaka, tana ɗaga wa mutane yatsu biyu.

Da ya ga sharjin yamma ba ya isa, sai ya yi wata dabara da har yau in na tuna sai na yi dariya, ko da yake ba abin dariya ba ne. Ya riƙa barin motar a gida tun safe a soke, tana shan rana, shi kuma ya hau tsohon motonsa ya tafi aiki, yana sayen esansin nan da yake kuka da shi. In ya dawo ya yi wanka ya sa babbar riga, ya shiga Bebiya ya zagaya unguwa ya faka a ƙofar masallaci. Mota a gida tana hutawa, mai mota a rana yana shan hayaƙi. Firigo kuwa sai abin da Bebiya ta rage.

Matan da ke cika ƙofar Fanta suka fara raguwa. Wata ta ce, "In ruwan leda nake so ai da na sayi na bakin hanya." Wata ta ce ai tun da suka yi mota ta daina kula da talakawa. Ni kaina zoɓona ya koma kamar shayi, masu saye su kurɓa su dube ni. Fanta ta rame, idanunta suka zurma, ga azumi ga zullumi. Kullum sai ka gan ta tsaye a kan firigo ta ɗaga murfi tana leƙawa, kamar mai jinya.

Ta je ta sami Aliya, tunda ita ce babba a gidansu.

"Yaya, don Allah ki yi masa magana. Sana'ata tana mutuwa."

Aliya ta taɓe baki. "Ke wace irin mace ce? Mijinki zai shiga sahun manya, ke kina zancen ruwan leda! In aka ce matar mai kat-kat, da wa ake? Ba ke ba?"

"Yaya, ni ko sau ɗaya ban taɓa shiga cikinta ba."

"To ai gwaji ake yi. Ba a cika wa motar gwaji kaya."

Ku ji fa! Aliya da ta yi biyun Fanta a jiki, ita ba kaya ba ce.

Gana mai wutar rana ma ya zo, don Fanta ta kira shi. Ya duba batir ya girgiza kai.

"Malam, batir kamar jaki ne. In ka yi masa lodi daidai ka bar shi ya huta, zai yi maka shekaru. Amma kullum kana tatse shi har ƙasa. Ka ji injin nan yana kuka, ƙit-ƙit-ƙit? Cewa yake ya gaji. In ya kashe kansa kada a sake kunna shi."

"Kai Gana," in ji Malam Suma'ila, "aji nawa ka yi a lakwal? Ni da na karanta takardar motar nan da Faransanci tun daga farko har ƙarshe za ka koya wa?"

Gana ya kwashe kayansa ya ce, "Ni dai na faɗa." Yana fita Malam Suma'ila ya ɗauko matashin kai ya danne injin da shi, wai kukansa yana hana shi barcin rana. In ya mutu ya sake kunnawa. In ya sake mutuwa ya sake kunnawa.

Cinikin da ya tafi bai dami Fanta ba kamar ƙanƙarar masallaci. Da firigo ya daina kamawa sam, sai ta fara abin da ya fi ƙona mini rai. Bayan azahar, rana tana dukan ƙwaƙwalwa, sai ta yafa gyale ta tari kabu-kabu har cikin gari, ta sayo ƙanƙara biyu a wurin wasu, ta naɗe a buhu. Mai ƙanƙara ta koma sayen ƙanƙara! Kafin ta iso gida sun koma kamar ƙwallon mangwaro. Haka zan karɓa in kai wa ladan, maza su sha su ce, "Yau dai sanyin bai kai ba, amma Allah ya saka wa Malam Suma'ila."

Ranar sha takwas ga azumi ba ta sami kabu-kabun da zai shigo da ita unguwa ba, aka sauke ta a bakin gudron. Ina wurin sana'ata na hango ta tafe cikin rairayi, buhu a ka, ruwa yana ɗiga a wuyanta. Sai ga Bebiya ta biyo bayanta shiru, gilashi rufe, Aliya a gaba. Fanta ba ta ji zuwanta ba sai da ta gifta. Na ga motar ta ɗan rage gudu, na ce alhamdu lillahi. Sai ta ƙara gaba.

Da yamma ina jin sa yana ba ta haƙuri irin nasa. "Na gan ki mana. Amma buhun yana zuba, kujerun nan kuwa ba namu ba ne tukuna. In suka ɓaci me zan ce wa Ɗanƙarami?"

Ban ji abin da ta ce ba. 

Ranar Juma'a, ashirin da uku ga wata, aka wayi gari ɗakin firigo yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Batiran nan biyu sun kumbura, cikinsu ya turo. Malam Suma'ila ya leƙa ya toshe hanci ya ce in ya dawo zai duba. Motar ba ta sha ta ƙoshi ba, amma ya rantse yau a babban masallacin cikin gari zai yi Juma'a, don abokan aikinsa su gani. Aliya ta ce ita ma tana da gaisuwa a can.

Zuwa dai sun je. A hanyar dawowa, daidai kwarin rairayin nan da ke kafin unguwarmu, Bebiya ta tsaya cak. Da ma ba ta magana, balle ta yi sallama. Ya danna nan, ya danna can. Aka taru aka tura, ina! Nauyinta kamar an cika ta da duwatsun Birni. Wani ya ce a kawo esansi a galan, aka ce ba ta sha. Wani bakanike ya buɗe gaba ya leƙa ya leƙa, ya ce shi bai ga inji ba balle ya gyara. Gilashi ma ya ƙi sauka, Aliya ta fito sharkaf tana haki, ta ce da ma ita tun farko motar nan ba ta kwanta mata ba.

A ƙarshe wani manomi mai amalanken shanu aka roƙa. Jama'a, ban taɓa ganin biki irin na ranar ba. Bijimai biyu a gaba suna tafiya a hankali suna kaɗa wutsiya, igiya a tsakiya, Bebiya a baya, Malam Suma'ila a ciki riƙe da sitiyari da babbar riga, fuska a murtuke kamar shi ke tuƙi. Unguwa kaf ta fito. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, ashe da ciyawa take aiki."

Na yi dariya har da hawaye, ba zan ɓoye ba. Sai da na shiga wurin Fanta dariyar ta koma ciki. Na same ta zaune a ƙasa, Gana a tsugune gaban batir. Ya ce sun mutu, mutuwar da ba tashi. Ranar ba ta iya zuwa cikin gari ba, jiri ke ɗibarta. Ta dube ni ta ce, "Yaya Ummu, ba cinikin ba. Shekara huɗu ban taɓa yanke wa Baba ba, ko sau ɗaya." Sai ta fashe da kuka. Ni ma na taya ta.

Na tafi masallaci hannu rabbana don in gaya wa ladan kada ya jira. Na tarar liman yana tambaya, "Malam Suma'ila, yau ina ƙanƙararmu?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ka san mata ba su iya riƙon kaya ba. Ta bar batiran sun lalace. Na yi faɗa har na gaji."

Wallahi na buɗe baki, maganar ta zo har kan harshena. Sai na tuna saura kaɗan a sha ruwa, in na faɗi abin da ke raina azumin ranar ya tashi a banza. Na haɗiye, na juya gida.

Washegari Ɗanƙarami ya zo da babbar mota ya ɗauki abarsa. Malam Suma'ila ya tsaya a ƙofar gida yana yi wa maƙwabta bayani da ƙarfi, kamar mai ba da lacca.

"Na yi nazari sosai. Motar tana da kyau, amma ba ta dace da mai zama a unguwa irin tamu ba, sai inda kuran yake. Shi ya sa ake son mutum ya yi gwaji. Kun gani, Allah ya kiyaye, ban yi asarar ko dala ba!"

Fanta tana bayan ƙyaure tana ji. Ni ma ina ji. Ko dala! Gaskiya ya faɗa, shi bai yi ba.

Ranar Litinin yana tayar da motonsa ya tafi biro, Fanta ta leƙo ta katanga. Idonta a bushe.

"Yaya Ummu, rufinki zai ɗauki panno huɗu?"

Na ce, "Ko takwas ne."

Kafin azahar Gana ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan ɗakina. Ƙarti huɗu suka ɗaga firigo suka tsallakar da shi katanga. Gana ya ce ba batir, sai dai ya yi aiki da rana kawai, ruwa zai yi sanyi amma ƙanƙara sai ranar da Allah ya hore wasu batiran. Fanta ta ce ta ji.

Da la'asar Malam Suma'ila ya dawo. Ya danna fanka, shiru. Ya soka waya, shiru. Ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, ya ga rufi fayau.

"Fanta! Mene ne wannan? Ina pannon gidana?"

Ta fito daga madafa tana goge hannu, ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Gonar Baba ce, Malam. Na mayar da ita inda ba a kiwo a ciki."

"Kiwo? Ni kike gaya wa haka? To wayata fa? Fanka fa? A cikin zafin nan?"

"Malam, ai rana ta Allah ce. Ga ta nan cike da rufinka, ban rage ko kaɗan ba. Ka ɗiba."

 Ya ce zai kira Aliya, sai ya tuna wayar ba sharji.

Kada ku ce ta yi nasara. Azumi shi ne kakar mai ƙanƙara, kuma ya wuce ta. Masu sayenta sun koma wani wuri, rabin gonar ubanta ya ruɓe a ɗaki, kuma har yau ba wanda ya ce mata sannu, balle yi haƙuri. Gidaje nawa ne a garin nan da abin mace yake zama na gida in ana so a ci, in ya lalace kuma ya koma nata ita kaɗai? Ni dai na san layinmu kawai, kuma yatsuna ba su isa ƙirga ba.

Ranar ashirin da tara ta cika jarka biyu da ruwan sanyi, ba ƙanƙara, ta ce in kai. Na kai. Amma wannan karon ban miƙa na juya ba. Na ce wa ladan, "Baba, yau sai ka faɗi mai shi, da ƙarfi, ko in koma da abina."

Da aka sha ruwa ladan ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wannan sadakar Fanta ce, don mahaifinta. Allah ya ji ƙan Ɗan'azumi na Dogo."

Malam Suma'ila har ya ɗaga hannu zai shafa gemu, sai hannun ya tsaya a hanya. Maza suka dubi juna, moɗa a hannu. Wani ya ce, "Wane ne kuma Ɗan'azumi?"

Na ce, "Wanda kuka shekara huɗu kuna shan gonarsa."